Dandalin da ke kan takarda: yadda filin jama'a ke salwanta a sababbin unguwannin Kumasi

Duk wanda ya taɓa fita neman fuloti a gefen birnin Kumasi na ƙasar Gana, ko ta hanyar Abuakwa, ko Kenyase, ko Mamponteng, ko can wajen Ejisu, zai tuna lokacin da aka shimfiɗa masa taswirar awo a kan tebur ko a bayan mota domin a nuna masa lambar wurinsa. Idon mai saye a kan nasa fulotin yake tsayawa: ko yana bakin titi, ko ruwa na kwanciya a wurin, ko akwai nisa tsakaninsa da turken lantarki na ƙarshe. Kaɗan ne suke lura da cewa a cikin taswirar akwai wuraren da ba a yanka ba, waɗanda aka rubuta wa makaranta ko kasuwa ko asibiti, da kuma wanda aka shafa wa launin kore, alamar cewa fili ne na kowa da kowa da ba za a yi gini a kansa ba. Bayan shekara 10 ko 15, idan unguwa ta cika ta batse, sai a nemi koren nan a ƙasa a rasa, domin a inda ya kamata yara su riƙa buga ƙwallo an riga an kafa gidan mai, ko jerin shaguna, ko gidan bene na wani mai hali.

Mutane kan taƙaita bayanin wannan al'amari da cewa sarakuna ne masu kwaɗayi, ko ma'aikatan hukuma ne masu karɓar na goro. Akwai gaskiya a cikin zargin a wurare da dama, amma bai isa ya bayyana dalilin da ya sa abin yake maimaita kansa a kusan kowace sabuwar unguwa ba, har a garuruwan da sarkinsu mutumin kirki ne. A ganina tushen matsalar yana wani wuri dabam: filin da aka keɓe wa jama'a shi ne kaɗai yanki a cikin awon da babu wanda ya biya kuɗinsa, babu wanda ke riƙe da takardarsa, babu kuma wanda zai kwana bai yi barci ba idan aka taɓa shi.

Kumasi ba baƙuwar wannan tunani ba ce. Tsarin da Turawan Ingila masu zanen gine-gine, Maxwell Fry da Jane Drew, suka zana wa birnin a 1945 ya ginu ne a kan salon birni mai lambuna da ya taso daga Ingila, inda ake barin ɗamarar itatuwa da kwaruruka tsakanin unguwa da unguwa, kuma da wannan kamanni ne Kumasi ta yi suna a matsayin birnin lambuna na Afirka ta Yamma. Abin da ya rage daga wannan suna kowa ya gani. Filin wasan yara da ke Amakom ya shafe shekaru a yashe, tsohon filin sukuwa ya koma wurin 'yan kasuwa da motoci, gaɓar kogin Subin da na Aboabo kuwa gini ya matse su. Idan haka ta faru da filayen da ke tsakiyar gari, waɗanda kowa ya san sunansu, to, ina ga wani koren fegi a taswirar ƙauyen da jiya-jiya gonar rogo ce?

Mu ma Hausawa muna da namu kalmomin tun kafin zuwan mai awon ƙasa, wato safiyo, da na'urarsa. Akwai dandali, inda ake taruwa da wasa. Akwai filin Idi. Akwai burtali, hanyar da ake bar wa dabbobi tsakanin gonaki. Akwai kuma hurumi, wato ƙasar da ke kewaye da gari wadda aka haramta wa kowa ya mallake ta shi kaɗai. Sai dai zangunan Kumasi, irin su Aboabo da Sabon Zango da Alabar, sun cika ne ɗaki bayan ɗaki, baƙo bayan baƙo, har aka wayi gari titi shi ne dandali. Ranar suna ko ɗaurin aure ko zaman makoki, sai a kafa rumfuna a jera kujerun roba a tare hanya, masu mota su nemi wata kwanar. Da yawa daga cikin masu sayen fuloti a bayan gari yau 'ya'yan waɗannan unguwanni ne da suka gaji da cunkoso, kuma abin takaici shi ne wurin da suka gudu zuwa gare shi yana kan hanyar zama irin wanda suka baro, sai dai katangunsa sun fi tsawo.

Domin a fahimci yadda hakan ke faruwa, dole a fara da wanda ke da ƙasar. Kimanin kashi 80 cikin 100 na ƙasar Gana tana hannun masu sarautar gargajiya da iyalai ne, kuma a yankin Asante, inda Kumasi take, kusan duk filin da ke gefen birni na wata kujerar sarauta ne, wadda ke ƙarƙashin Asantehene, babban sarkin Asante. Tsarin mulkin 1992 ya ce sarki amana yake riƙe wa jama'arsa, ya kuma hana a sayar da ƙasar kujera sayarwa ta har abada, shi ya sa abin da ɗan ƙasa yake samu a kan fulotin zama haya ce, galibi ta shekara 99, wanda ba ɗan ƙasa ba kuwa ba ya wuce shekara 50. Ikon tsara yadda za a yi amfani da ƙasa kuma yana hannun majalisar ƙaramar hukuma, wadda muke kira asambili. Wato mai ƙasa dabam, mai tsari dabam, kuma a wannan tsagar ce filin jama'a yake faɗawa.

A bisa doka, asambili ce ya kamata ta riga kowa zuwa daji ta zana taswira kafin a fara yanka. A aikace, ofisoshin tsara gari na yawancin ƙananan hukumomi ba su da isassun ma'aikata ko kuɗin awo, saboda haka sarki ne yake ɗaukar safiyo da mai zane, sau da yawa ma ya biya su ladansu da fulotai, daga baya a kai takardar asambili domin ta sa hannu. Wanda ya biya kuɗin zane shi zai fi ƙarfin faɗa a ji a kan abin da za a zana, kuma lissafinsa a fili yake. Eka ɗaya tana ɗaukar fuloti 4 da ɗan ɗori idan kowanne ƙafa 100 ne tsawo da faɗi, wanda shi ne awon da aka saba da shi a nan. Idan aka ce a bar eka 5 domin dandali, an ce wa mai ƙasa ke nan ya haƙura da kuɗin fuloti 20 ko fiye, bayan waɗanda tituna da makaranta da kasuwa suka riga suka cinye, kuma babu wanda zai ba shi ko sidi ɗaya a madadinsu. Mai zane zai sa koren a taswira domin ba za a amince da ita ba idan babu shi, amma kowa a wurin ya san cewa ƙasar da ke ƙarƙashin launin tana nan a hannun kujera.

Dokoki kuwa ba su yi ƙaranci ba. Sashe na 267 na tsarin mulki ya ce ba za a ba da ƙasar kujera ko a yi gini a kanta ba sai Hukumar Filaye ta yanki ta tabbatar da cewa abin ya dace da tsarin da hukumar tsara gari ta amince da shi. Dokar amfani da ƙasa da tsara wurare ta 2016, mai lamba 925, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar Turawa ta 1945, ta kafa kwamitin tsara wurare a kowace asambili ƙarƙashin shugabancin shugaban ƙaramar hukuma, ta kuma ƙara wani sharaɗi mai nauyi da mutane ƙalilan suka sani: sauya amfanin filin jama'a zuwa wani abu dabam sai da amincewar Majalisar Dokoki ta ƙasa. Dokar Ƙasa ta 2020, mai lamba 1036, ta sake jaddada cewa sarki ko shugaban iyali mai riƙon amana ne da za a iya tuhumarsa a kan yadda ya sarrafa ƙasar jama'a. A kan takarda, wannan katanga ce mai kauri. Amma doka sai an sami mai ɗaga ta, kuma a nan ne lokaci yake yi wa filin jama'a illa.

Unguwar bayan gari a Gana ba a gina ta a shekara ɗaya. Mutum zai sayi fuloti yau, ya zuba yashi tifa ɗaya da bulo ɗari biyu domin a san da mai shi, ya koma ɗakin hayarsa a Asawase ko ya tafi ci-rani Turai, ya riƙa ɗora layi a kan layi gwargwadon abin da Allah ya hore. Kafin ya yi rufi ya tare da iyalinsa, shekaru sun ja. A duk tsawon wannan lokaci unguwar ba ta da mazauna sai masu gadi da magina, babu wanda zai tambayi ina dandali yake, filin kuma yana nan ya zama kurmi, macizai sun samu gida, maƙwabta suna zubar da shara a ciki. A daidai lokacin ne kuma farashin ƙasa yake ninkawa, domin an kawo wuta, an share hanya, motocin haya sun fara shigowa. Fulotan sayarwa sun ƙare, abin da ya rage kawai shi ne wurin makaranta da wurin kasuwa da koren nan. Idan tsohon sarki ya rasu aka naɗa sabo, zai tarar da hidimomin kujera, da shari'o'in iyaka a kotu, da dangi masu jiran rabo, ba tare da an bar masa ko taku ɗaya na sayarwa ba, sai ya kalli kurmin da ke tsakiyar gari ya ga dukiya a kwance.

Ba kasafai ake cinye filin a rana ɗaya ba. Da farko wani makanike zai roƙi a ba shi gefe na wucin gadi, sai mai kwantena ta kafa shagonta, sai wani ya gina ɗaki ɗaya ya ce na ajiyar siminti ne. Idan ma'aikatan asambili suka zo suka rubuta umarnin dakatar da aiki da jan fenti a bango, sai a huta mako biyu a ci gaba da dare. Da zarar an yi rufi an tare, rushewa ta zama rigimar siyasa da babu shugaban ƙaramar hukumar da ke son ɗauka, musamman idan zaɓe ya ƙarato. Daga baya sai a nemi a gyara taswirar ta dace da abin da ke ƙasa, maimakon a gyara ƙasa ta dace da taswira. Wanda ya sayi fuloti a cikin filin ma sau da yawa bai san me ya saya ba, domin takardar da aka ba shi daga fada da ɗan zanen fulotinsa ba su nuna masa launin wurin a babbar taswira ba.

Mai karatu zai iya tambaya: me ya hana asambili ta sayi filin tun farko ta huta? Amsar tana cikin yadda kuɗin ƙasa yake gudana. Kuɗin hayar ƙasa na shekara-shekara yana shiga ofishin mai kula da filayen kujeru, wanda ke cire kashi 10 cikin 100 domin gudanar da aiki, sannan a raba ragowar: kashi 25 ga kujera, kashi 20 ga majalisar gargajiya, kashi 55 ga asambili. Rabon yana da kyan gani, amma kuɗin hayar ƙanƙane ne, kuma masu biya ba su da yawa. Babban kuɗin, wanda mai saye yake ƙirgawa a fada ranar ciniki, ana kiransa kuɗin abin sha ne bisa tsohuwar al'adar kai wa sarki gaisuwa, kuma a aikace ba ya bi ta wannan rabo. Saboda haka asambili tana kallon ƙasa tana tsada a gabanta ba tare da ta sami abin da za ta sayi ko eka ɗaya ba. Idan kuma gwamnati ta ce za ta karɓi filin da ƙarfin doka, sashe na 20 na tsarin mulki ya wajabta mata biyan diyya cikakkiya ba tare da jinkiri ba, ya kuma ba wa mai ƙasar damar farko ta karɓar abinsa idan ba a yi amfani da shi don abin da aka karɓe shi ba. Tarin filayen da gwamnatocin baya suka karɓa ba su biya ba yana cikin abin da ya sa sarakuna ba sa yarda da alkawarin hukuma, kuma a wannan gaɓa ba zan ce ba su da hujja ba.

Rarrabuwar hukumomi ta ƙara dagula lissafin. An cire Asokore Mampong daga ƙarƙashin hukumar birnin Kumasi a 2012, daga baya kuma Oforikrom da Kwadaso da Suame da Asokwa da Tsohon Tafo suka zama masu cin gashin kansu, alhali gine-ginen birnin sun daɗe da tsallakawa zuwa Kwabre da Atwima da Ejisu da Bosomtwe. Ƙidayar 2021 ta nuna yankin Asante yana da mutum fiye da miliyan 5.4, kuma babban kaso daga cikinsu a wannan kewaye suke. Kowace asambili tana duba iyakarta ne kawai, tana kuma neman kuɗin shiga daga izinin gini da harajin shaguna, abin da dandali ba ya kawowa.

Wasu ƙasashen sun toshe wannan ɓaraka ta wata hanya mai sauƙin faɗa. A lardin Ontariyo na Kanada, doka ta ba ƙaramar hukuma ikon karɓar har kashi 5 cikin 100 na ƙasar da za a yanka don gidajen zama, ko kashi 2 idan ta kasuwanci ce ko masana'antu, a matsayin sharaɗin amincewa da awon. A jihar Kalifoniya ta Amurka ana auna abin da yawan mutane, eka 3 ga kowane mutum 1,000, a wasu wuraren har eka 5. Abin lura a nan bai tsaya ga adadin ba. Mallakar filin ce take komawa hannun hukuma da takarda kafin a sayar da fuloti na farko, ta yadda mai ƙasa zai zuba kuɗinsa a cikin farashin sauran fulotan tun daga farko, ba zai kuma sake ganin wurin a matsayin nasa ba. Waɗannan dokoki sun kuma yarda a biya kuɗi a madadin fili idan awon ƙarami ne, amma wannan ɓangaren ina shakkar kwaikwayonsa a nan, domin kuɗin da ya shiga babban asusun asambili zai tafi ga kwashe shara da man motoci kafin a dasa itace ɗaya.

Akwai kuma batun irin filin da ake bayarwa. Idan aka matsa wa mai ƙasa ya keɓe wani abu, abin da ba zai sayu ba shi zai miƙa: fadama, ko gangaren da ruwa ya zaizaye, ko ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki. Gaɓar rafi tana da nata muhimmancin, kuma manufar ƙasa kan kare bakin ruwa ta tanadi a bar tazarar mita 10 zuwa 60 a gefen manyan koguna, domin nan ne ruwan sama yake samun wurin shimfiɗa ƙafa idan damina ta kankama. Mutanen Aboabo da suka sha kwashe ruwa daga ɗakunansu ba sa bukatar a yi musu bayanin abin da ke biyo bayan cike hanyar ruwa da gini, haka ma waɗanda suka ga ambaliyar 3 ga Yuni, 2015 a Accra, babban birnin ƙasa, wadda ta haɗu da gobarar gidan mai ta hallaka mutum fiye da 150. Amma fadama ba ta zama filin Idi, ba a kafa rumfar biki a cikin laka, kuma uwa ba za ta tura ɗanta wasa bakin kwari ba. Unguwa tana bukatar duka biyun, kuma idan aka ƙirga ɗaya a matsayin ɗayan an cuce ta.

Haka nan manyan ayyukan da ake nunawa a talabijin ba su cike wannan gurbi ba. Lambun Rattray da aka buɗe a 2015 wuri ne mai kyau, amma ana biyan kuɗin shiga, kuma iyalin da ke Kenyase sai sun hau mota biyu kafin su isa. Filayen ƙwallo masu ciyawar roba da aka gina a wasu zanguna bayan kafa Asusun Raya Zango a 2017 sun amfani matasa, sai dai an shimfiɗa su ne a inda aka tarar da fili, wanda hakan ma hujja ce cewa sai wani ya bar wurin tukuna kafin a sami abin gyarawa. Rukunin gidajen kamfanoni masu ƙofa da mai gadi kan bar ɗan lambu a ciki, domin yana ƙara wa gidajen daraja, amma na waɗanda ke cikin katanga ne.

A nan ne nake ganin ya kamata mu dubi kanmu. Idan Musulmi goma suka tare a sabuwar unguwa, kafin shekara ta zagayo sun haɗa kuɗi sun sayi fulotin masallaci, sun karɓi takarda, sun kafa kwamiti, kuma da wuya ka ji an sayar da shi a bayan idonsu, domin akwai masu shi kuma ana shiga cikinsa sau biyar a rana. Maƙwabtanmu Kirista haka suke yi da cocinsu. Wannan dabara ita ce dandali ya rasa. Ƙungiyar masu gidaje, wadda kusan kowace sabuwar unguwa take da ita don neman wuta da gyaran hanya, tana iya zuwa ofishin tsara gari na asambili ta nemi kwafin taswirar da aka amince da ita, ta gano inda koren yake, ta je fada da girmamawa tare da ɗan majalisar unguwa ta nemi a rubuta filin da sunan al'umma ko na asambili a kai shi Hukumar Filaye. Daga nan sai a kafa turakun iyaka, a share, a dasa darbejiya ko mangwaro a kewaye, a kafa ragar ƙwallo, a yi sallar Idi a wurin ko da sahu uku ne, a bar maƙwabta su yi zaman makokinsu na Asabar a can. Filin da ake taka shi kullum yana da shaidu, kuma wanda zai saye shi sai ya yi tunani sau biyu. Mai hali da ke neman sadaka mai gudana kuma yana iya sayen fuloti biyu ko uku a tsakiyar unguwa ya yi wakafinsu a matsayin fili buɗaɗɗe, da sharaɗi rubutacce cewa ba za a yi gini a kai ba, ko da na makaranta ne, domin gini mai kyakkyawar niyya ma yana cinye fili kamar kowane gini.

Za a ce duk wannan zai ƙara tsadar fuloti a ƙasar da talaka ke fama kafin ya sami inda zai sa kansa, kuma gaskiya ne zai ƙara. Idan aka cire eka 5 daga awon eka 100 aka raba kuɗinsu a kan sauran, kowane mai saye zai ɗauki ƙarin da bai wuce 'yan kaso kaɗan cikin 100 ba, sau ɗaya, a lokacin da ƙasar take daji kuma take da araha. Idan aka bari sai unguwa ta cika, samun eka 5 ɗin yana nufin sayen gidaje 20 da aka riga aka gina, a biya masu su diyya, a rushe, kuma babu asambilin da ke kewayen Kumasi da za ta iya ɗaukar wannan nauyi daga kuɗin da take tarawa.